Giga Takwas

Ƙarfe ɗayan dare a Garwa.
Na kulle kaina tare da uwar garke
a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a unguwar Yalwa.
Ita aka saya wa na'urar sanyi, ni albarkacinta nake ci.

Jiya layi har bakin titi.
Manoman auduga daga Pitowa da Gashiga,
kowa da katinsa a aljihun gaba.
Jaratu ta danna lamba, ta jira,
ta ba da haƙuri da Fillanci,
ta sake ba da shi da Hausa,
allon yana ta juya ɗan zobensa
kamar mai lalube a aljihun da ya san ba kome.

Giga takwas gare ta, iyakarta ke nan.
Tun kaka na rubuta a ƙaro,
takardar tana Yawunde tana hutawa.

Da la'asar na yi abin da na zaci alheri ne.
Na faɗaɗa wa kowane mai tambaya kwanonsa,
mega biyu ya koma sittin da huɗu.
Na ce ku ɗiba,
ku karanta har gaba da inda aka aike ku.
Ban ƙirga baƙin ba.
Ɗari da hamsin, kowa da sabon kwano a hannu.
Kafin isha'i ƙwaƙwalwa ta cika ta tumbatsa,
ta shiga jibge kaya a faifai,
tana komawa ɗauko abin da ta ajiye yanzu-yanzu.
Can tsarin ya duba wa ya fi kowa ci,
ya shaƙe rumbun bayanan, ko sallama babu.

Inna Dudu ba ta hawa rumbu sau goma a yini.
Sau ɗaya, da sassafe,
ta sauko da dawar ranar a masaki guda,
ta ajiye inda hannun kowa zai kai.
Ba ta raba wa yara ƙore su riƙe.
Ita ma da faifai take aiki,
sai dai nata bai taɓa wannan kukan ba.

Na buɗe fayil ɗin saiti.
Can ƙasa, bayan alamar da na'ura ke tsallakewa,
ga layi ɗaya da Faransanci, hannun Hamajoda,
mai wannan kujerar kafin aiki ya ja shi Duwala:
"Na gwada ƙarawa. Kar ka gwada."
Shekara huɗu yana nan yana jirana.
Ni ne ban taɓa gangarowa ba.

To.
Kwanon kowa ya koma ƙarami, ƙasa da yadda na same shi.
Masakin tsakar gida, na kowa da kowa, giga biyar.
Karatun gaba na rage masa zumuɗi:
mai neman lissafin Bakari
ba ya bukatar a taso masa duk maƙwabtan Bakari.
Sauran ukun na bar wa gidan ya numfasa.

Na tashe ta.
Wutar Lagdo ta lumshe ido, na riƙe numfashi, ta buɗe.
Tambayar farko daƙiƙa tara, masaki wayam tukuna.
Ta biyu, huɗu.
Ta goma ta dawo kafin in ɗauke yatsa.
Cikin ɗari, casa'in da bakwai ba su taka faifai ba.
Ukun da suka rage za su dame ni,
amma ba yau ba.

Ƙarƙashin layin Hamajoda na sa nawa:
"Na gwada duk da haka. Gaskiyarsa."
Na sa kwanan wata.

A waje zafin Afrilu bai kwanta ba.
Wani dattijo ya riga ya kama layi,
yana barci a dakali, takalmansa ne matashi.
Na raɓa shi a hankali.
Ƙarfe takwas Jaratu za ta danna lambarsa,
ta buɗe baki za ta ba da haƙuri,
ta tarar kuɗin sun riga ta fitowa.